Ranar da littafin bashin Kawu ya wayi gari fari fat

Kawuna ɗan sari ne a Garwa. Shinkafa, sukari, fulawa, man girki da sabulu yake saukewa. Kayan na tasowa daga Duwala a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, daga nan manyan motoci su gangaro da su fiye da kilomita 270 zuwa babbar magazarsa. Yana da wata ƙaramar magaza a Ngaundere, ba nisa da tasha. Yawancin cinikinsa bashi ne. Mai kanti daga Pitowa ko Gider zai ɗauki buhu ashirin ya ce sai bayan kasuwa biyu, wani ya rage rabi ta wayar hannu, wani ya aiko yaro da kuɗi ƙulle a leda. Don haka dukiyar Kawu ba buhunan da ke jibge ba ce kawai. Babban kaso nata yana cikin littafin da ke cewa wane ana bin sa kaza.

Ni ne na shawo kansa, shekarun baya, ya mai da littafin nan kan manhajar wani kamfani a Turai, ana biya wata-wata da Yuro. Aiki ya yi ta tafiya lami lafiya har ranar 14 ga Maris 2024, a kwanakin farko na azumi, lokacin da manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, SAT-3, ACE da MainOne, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Ƙasashe da dama sun ji a jika, har da Kamaru. Rezo, wato layin intanet, ya koma tafiyar hawainiya. Akawunmu, dattijon da ya fi shekara ashirin tare da Kawu, ya zauna gaban kwamfuta, ga sukari a bayansa, ga masu saye a gabansa, shafi ya ƙi buɗewa. Bayan an sha ruwa Kawu ya aika aka kira ni.

"Ɗana," in ji shi, "kaya nawa ne, kuɗi nawa ne, masu bashin nan maƙwabtana ne. To me ya kai littafina bayan teku?"

Ban sami abin cewa ba. A daren muka yanke shawarar dawo da littafin gida, mu ajiye uwar garke tamu ta kanmu, wato kwamfutar da za ta riƙe manhajar da bayanan, a cikin magaza.

Abin da muka girka

Na samo wata ƙaramar kwamfuta ta hannu, irin waɗanda ofisoshin Turai ke sallama, girmanta bai wuce littafi mai kauri ba. Ƙwaƙwalwar aikinta gigabait 8, faifanta na ciki 256. Na ɗora mata Debian 12, wani nau'in Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, sannan Docker, mai ajiye kowace manhaja cikin kwantenarta. Don lissafin kaya, faktir (takardar ciniki) da bashi na zaɓi Dolibarr, manhaja ce ta kyauta da ta samo asali daga Faransa, tana jin Faransanci, ta san sefa, kuma tana ɗauke da tsarin lissafi na SYSCOHADA wanda akawunmu ya saba da shi. Bayananta na zama a rumbun MariaDB. Don takardun kwastan, na hayar mota da hotunan rasit na ƙara Nextcloud. A bakin ƙofa kuma na tsai da Caddy, shi ke karɓar duk mai shigowa ya nuna masa ɗakin da zai je.

Da na ce wa Kawu kowace manhaja za ta zauna cikin kwantenarta, sai ya zaci irin na tashar Ngaundere nake nufi. Bai yi nisa da gaskiya ba, don daga can sunan ya fito. Kwantenar ƙarfe ba ruwan jirgi da abin da ke cikinta, ya ɗauka ya sauke ne kawai. Haka ma wannan: ana ƙunshe manhaja da duk tarkacen da take bukata a samfuri guda, a ta da ita daga samfurin, ta yi aikinta ba tare da ta taka sawun maƙwabciyarta ba. Duk kwantenonin suna amfani da zuciyar Linux guda ɗaya ta kwamfutar, ita ce ke yi wa kowacce shinge, ta kuma ƙayyade mata abin da za ta ci na ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ba su da nauyi kamar a ce kwamfuta sukutum aka ƙirƙira cikin wata kwamfutar. Docker, wanda ya fito a 2013, shi ya sa wannan dabara ta zo hannun irinmu. Fayil ɗaya na Compose, wato takardar tsarin da Docker ke bi, bai cika shafi biyu ba, ya isa ya bayyana komai: wane samfuri, wace ƙofa, ina za a ajiye bayanai.

Maganar ajiyar bayanan nan ita ce gundarin labarin, don haka a riƙe ta. Kwantena abar yarwa ce. Ana rushe ta a sake ta da wata cikin daƙiƙu, duk abin da aka rubuta a cikinta kuwa ya tafi tare da ita. Abin da ake so ya ɗore, a waje ake ajiye shi, a wata ma'ajiya da ake jingina wa kwantenar. Kwantena tamkar motar dako ce, ma'ajiya ita ce rumbun. Na san haka tun ranar farko. Abin da ban yi ba shi ne sanar da kowa.

Wuta ta fi komai cin tunanina a lokacin. Wutar arewacin Kamaru ta dogara sosai da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, abin da take bayarwa yakan ragu. Kwamfutar da akwatin intanet a haɗe ba su wuce wat 25 ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da wat-awa 1,200, idan aka sha rabi don kada a kashe shi da wuri, ya kusa kai su kwana guda. Muka haɗa shi da farantin sola a kan rufi. Na shiga saitin kwamfutar na ce ta kunna kanta duk lokacin da wuta ta dawo, na kuma umarci kowace kwantena ta tashi da kanta. Zafin Maris da Afrilu a Garwa yana haura digiri 40, kuma batirin dalma ba ya shiri da zafi, don haka muka sauke shi ƙasa a kusurwar da rana ba ta duka. Ƙurar hunturu kuwa, kowane wata sai an buɗe murfi an hure.

Wani ɗan abu ya ba mu wahala na sati guda. Wata safiya akawu ya ga faktir ya fito da kwanan watan da ya wuce da shekaru. Ashe ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe agogon kwamfuta, CR2032, ya mutu tun kafin ta baro Turai. Idan ta mutu ta tashi babu rezo, ba ta da inda za ta tambayi lokaci. Kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba.

Sai maganar Ngaundere. Layin wayar hannu da muke amfani da shi ba ya ba mutum adireshin kansa a intanet, jama'a da yawa ne ke fakewa bayan adireshi guda, don haka ba yadda za a yi wani daga waje ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Dole na yi hayar wata 'yar ƙaramar uwar garke a Faransa, na haƙa rami, wato ɓoyayyar hanya ta manhajar WireGuard, tsakaninta da Garwa, yaran Ngaundere su bi ta can su shigo. Na gaya wa Kawu gaskiya cewa idan wayar teku ta sake yankewa, Ngaundere za ta iya rasa hanya, amma Garwa za ta ci gaba da aiki, don a cikin magaza kwamfutoci kai tsaye suke magana da uwar garken. Ya ce ya yarda da rabin nan.

Kwafin ajiya ma na tanada. Kowane dare ƙarfe biyu, wani ɗan rubutaccen umarni yana juye rumbun MariaDB cikin fayil guda, ya kwashe takardun Nextcloud, ya zuba duka a wani faifan waje da ke maƙale da kebul. Na duba shi sati biyu na farko, na ga yana yi, na sakankance.

Bayan ƙaramar Sallah

Shekara guda cur babu wani babban abin da ya faru. A watan Afrilu 2025, kwanaki kaɗan bayan Sallah, na tafi Marwa gaisuwar rasuwa. Kwana na biyu da hantsi ɗan Kawu ya kira ni. Yaro ne mai kaifin basira, yana shekarar ƙarshe a sakandare, na nuna masa 'yan umarni uku ko huɗu, na kuma ba shi kalmar sirrin da ke buɗe komai.

"Yaya, Dolibarr ta ƙi karɓar faktir."

Ina zaune cikin mutane a kan tabarma, na ce masa a gurguje ya sauke kwantenonin ya sake ta da su. Ya yi, rumbun bayanai ya ƙi tashi. Ya sake kira, wayata na aljihu a kashe saboda ana addu'a. Layi ya taru a magaza, mahaifinsa na tsaye a kansa. Sai ya kwafi saƙon kuskuren ya nema a intanet, ya tarar da wani shafi da ke cewa idan abu ya cije a rubuta `docker compose down -v` a fara daga farko. Ya rubuta. Ya ta da kwantenoni, komai ya tashi sumul, shafin shiga ya bayyana. Har ya yi hamdala.

Harafin nan guda na ƙarshe yana nufin a rushe kwantena, a haɗa da ma'ajiyarta. Ga mai gwaji a ɗakinsa shawara ce mai kyau, don ba shi da abin asara. A wurinmu kuwa, Dolibarr ta tashi ta ga fili, ta gina sabon rumbu kamar yau aka haife ta. Babu sunan mai bashi ko ɗaya. Babu buhu ko ɗaya.

Da na kunna waya na ji muryarsa, na san ba lafiya. Na yi wa masu gida sallama na nufi tasha. Tafiyar Marwa zuwa Garwa kilomita 200 ce da 'yan kai, ban taɓa jin tsawonta kamar ranar ba. Abu ɗaya na roƙe shi: kada ya sake taɓa komai, kada kuma ya kashe na'urar.

Na iso bayan isha'i. Kawu na zaune kan buhu da carbi, bai ce mini komai ba sai sannu da hanya. Na leƙa bayan tebur, sai na ga faifan waje kebul ɗinsa a zare, yana lilo. Daga baya muka gane cewa tun tsakiyar azumi, ranar da aka yi sharar magaza aka ja teburin, ya fita. Na mayar da shi na buɗe. Kwafi na ƙarshe da ke ciki ya kwana ashirin da uku. Kwanakin nan kuwa su ne ƙarshen azumi da jajibirin Sallah, lokacin da sukari da fulawa da mai ke fita kamar ruwa, kuma lokacin da bashi ya fi yawa a duk shekara. Jikina ya yi sanyi.

Na daɗe ina kallon allo kafin wata tambaya ta faɗo mini. Rumbun ya ƙi tashi ne da safe saboda faifan ciki ya cika maƙil, saƙon kuskuren ya faɗi haka ƙarara. To me ya cika shi? Lissafin Kawu gaba ɗaya bai kai gigabait ɗaya ba. Na auna manyan wurare. Na tarar da rahoton aikin wata kwantena ya kumbura sosai, don Docker, idan ba a ƙayyade masa ba, yana ta rubuta rahoto ne ba ya share na baya. Amma ko da na haɗa wannan da duk sauran abin da nake gani, lissafi bai cika ba. Fiye da rabin faifan ya ɓace, ana cewa a cike yake, amma ba a ganin abin da ke ciki.

A Linux, faifan waje ba ya zuwa da ɗakinsa, wata jaka ake ware masa a faifan ciki a ɗora shi a kanta, kamar a shimfiɗa tabarma a kan rami. Idan faifan na nan, duk abin da aka zuba a jakar yana tafiya cikinsa. Idan ba ya nan, jakar tana nan daram, kuma abin da aka zuba sai ya faɗa faifan ciki. Umarnina na dare bai taɓa tambaya ko faifan na nan ba. Dare ashirin da uku yana zuba kwafi a ramin, har ya cika na'urar. Da na dawo na maƙala faifan kuma, sai na shimfiɗa tabarma na rufe su da hannuna.

Na sauke faifan, na sake buɗe jakar. Ga su nan jere, kowanne da kwanan watansa. Na daren jiya ya yanke a tsakiya, na shekaranjiya ma haka, don wuri ya riga ya ƙare. Fayil ɗin da MariaDB ta juye lafiya yana ƙarewa da layin da ke shaida an kammala, da kwanan wata da lokaci. Na bi su da baya ɗaya bayan ɗaya har na sami mai wannan layin. Kafin na taɓa shi sai da na kwafe shi wuri biyu. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na zuba shi cikin sabon rumbun, na ce wa akawu ya faɗi sunan wani mai bashi. Ya faɗa, na rubuta, lissafinsa ya fito har da sefa ɗari biyar ɗin da ya rage. Dattijon ya cire hula ya shafa kai.

Cinikin kwana biyu da rabi ne ya salwanta. Shi ma bai salwanta ba, saboda akawu bai taɓa daina rubuta kowane ciniki a kayensa, littafin rubutunsa mai takardar kabon, ba, duk da sau biyu ina ce masa wahalar banza yake yi. Washegari shi da ɗan Kawu suka zauna suka mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Na ba shi haƙuri a gaban kowa, kuma har yau kayen na nan a kan teburinsa.

Inda laifin yake

Kawu ya so ya yi wa yaron faɗa, na roƙe shi ya bari. Yaron ya yi abin da duk mai hankali zai yi idan aka ba shi mabuɗi ba a gaya masa wace ƙofa ce ta rumbu ba. Docker ma bai yi komai ba sai abin da aka umarce shi. Kuskuren nawa ne, kuma ba a ranar aka yi shi ba. Na kashe ƙarfina kan wuta da zafi da ƙura, abubuwan da ido ke gani, na bar kwafin ajiya shekara guda ban gwada mayar da shi ko sau ɗaya ba. Sannan duk ilmin na'urar yana cikin kaina ni kaɗai, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da a hanyar Marwa wani abu ya same ni, da fayilolin nan suna nan kwance ƙarƙashin tabarma, babu wanda ya san da su.

Gyaran bai ɗauki sati ba. Na ayyana ma'ajiyoyin a matsayin na waje a cikin fayil ɗin Compose, wanda ke nufin ko an sake rubuta wancan umarnin ba zai taɓa su ba. Umarnin dare yanzu yana fara tabbatar da cewa faifan na nan, idan babu ya tsaya. Idan ya gama lafiya yana aika alama, idan safiya ta yi alamar ba ta iso ba, saƙo na shigowa wayata da ta ɗan Kawu. Rahoton kowace kwantena na ƙayyade shi megabait 10 sau uku. Na kuma daina barin samfuri a kan "na baya-bayan nan", kowanne na rubuta lambar sigarsa, saboda Nextcloud ba ta yarda a tsallake babbar siga wajen sabuntawa, kuma ba na so wani ya jawo sabuwa bisa kuskure ranar kasuwa. Kwafi na uku, a kulle da manhajar restic, yana tafiya uwar garken Faransa da tsakar dare. Na rumbun lissafi ne kawai, don shi ne ƙarami kuma shi ne rai, hotunan rasit sun fi ƙarfin datarmu.

Wanda zai tambaye ni ko an sami sauƙin kuɗi, zan ce kaɗan ne. Idan aka haɗa kwamfuta, batirin da za a canza bayan 'yan shekaru, hayar Faransa da lokacin da nake kashewa, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da aka samu shi ne magazar Garwa tana yanka faktir ko da rezo ko babu, shafi na buɗewa nan take, kuma sunayen masu bashin Kawu suna ɗakinsa. A da akwai mutanen da ake biya su kwana suna gadin bayanan nan ba mu san su ba. Yanzu gadin ya dawo kanmu. Duk ɗan kasuwar da ba shi da mutum biyu da za su ɗauki wannan gadi da gaske, ni dai ba zan ba shi shawarar ya bi sawunmu ba tukuna.

Na sayi kaye mai bango mai ƙarfi na rubuta komai a ciki da Hausa da Faransanci: abin da za a duba idan shafi ya ƙi buɗewa, umarnin da aka yarda a rubuta, da waɗanda na ja wa layi da jan biro. Kalmomin sirri, har da na buɗe kwafin restic wanda idan ya ɓace kwafin ya zama dutse, suna cikin ambulan a akwatin ƙarfen Kawu tare da takardun filayensa.

Juma'ar farko ta kowane wata, bayan an sauko daga masallaci kasuwa ta lafa, ɗan Kawu yakan ɗauko wata tsohuwar kwamfutar cinya, ya ta da kwantenoni a kanta daga fayil ɗin Compose, ya zuba kwafin daren jiya, akawu ya zaɓi sunaye uku daga kayensa a gwada. Watannin farko ina tsaye a bayansa. A na huɗu na zauna waje wajen mai shayi, ya gama cikin minti 25 ya leƙo ya ce, "Yaya, sun yi daidai." Kawu kuma ya fara tambayar nawa za a kashe a ajiye irin wannan na'ura a Ngaundere, ta riƙa karɓar kwafi daga Garwa, don har yanzu maganar Faransar nan ba ta kwanta masa ba. Na ce masa sai mun sami wanda zai riƙa hure mata ƙura a can.